Tarihin Yumɓun da Asalinsa Toka Ne

A yammacin Amurka, a filayen jihar Wyoming da maƙwabtanta, akwai wani irin yumɓu da matafiya suka riga malamai sani. Idan rani ya yi sai ya bushe ya tsattsage. Da zarar ruwan sama ya taɓa shi kuwa, sai ya kumbura ya yi santsi, ya riƙe ƙafar doki da ta keken shanu ya hana su gaba. Turawan da suka ratsa yankin a ƙarni na 19 sun riƙa wanki da shi a madadin sabulu, suna shafa shi a ƙafafun kekunansu a madadin mai, suna kuma liƙe rufin ɗakunansu da shi. Babu wanda ya kawo a ransa cewa abin da yake murzawa a hannu toka ce da duwatsu masu aman wuta suka watsa sama tun kafin a yi ɗan Adam da miliyoyin shekaru.

Yadda aka gano haka, da abin da ganowar ta haifar, tarihi ne na fiye da shekara ɗari. Ya cancanci a ba da shi, domin wannan siririyar shimfiɗar yumɓu, wadda sau da yawa kaurinta bai wuce tafin hannu ba, tana cikin manyan abubuwan da masana suka dogara da su wajen sanya wa tarihin doron ƙasa lokaci.

Daga kasuwa zuwa ɗakin bincike

Ciniki ne ya fara jawo hankali gare shi. A wajajen 1888 wani mutum mai suna William Taylor ya soma haƙar yumɓun a yankin Rock Creek na Wyoming yana aikawa da shi ga masu saye. Wilbur C. Knight, malamin ilimin duwatsu a Jami'ar Wyoming, ya yi rubutu a kansa a 1897, ya raɗa masa suna da sunan Taylor. Da ya ga an riga an ba wani ma'adinin wannan suna, sai ya sauya a 1898 ya kira shi bentonait, saboda a cikin duwatsun da ake kira na Benton aka same shi, su kuma sun samo sunansu daga sansanin Fort Benton da ke jihar Montana.

Suna dai ya samu, amma asali bai bayyana ba. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda yumɓun yake kwance. Shimfiɗa ce mai haske, fara ko ruwan ƙwai ko mai ɗan kore, a tsakiyar baƙin dutsen da ya samu daga taɓon teku. Ƙasanta a yanke yake tsaf, ba ta cakuɗu da abin da ta hau ba, kuma ana iya bin ta daga wannan kwari zuwa wancan har tafiyar kwanaki ba ta yanke ba. Lakar da kogi ya kwaso ba haka take kwanciya ba.

A 1917 amsa ta fito daga wurare biyu. D. F. Hewett na Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, wanda ya yi aiki a kwarin Bighorn na Wyoming, da Edgar Wherry, wanda ya duba irin wannan yumɓu daga Dakota ta Kudu, kowannensu ya kai ga cewa tokar aman wuta ce ta rikiɗe. Hujjarsu tana ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Tokar dutse mai aman wuta ba irin tokar murhu ba ce. Ɓarɓashin gilashi ne, wato narkakken dutsen da iskar da ke cikinsa ta tarwatsa, ya daskare nan take a sararin sama. Kowane ɓarɓashi yana da siffar fasasshen kumfa, mai lanƙwasa da tsini. A cikin bentonait gilashin ya tafi, amma siffarsa ta zauna a jikin yumɓun. Ban da haka, idan aka wanke yumɓun aka tace, akan sami ƙananan ƙwayoyin ma'adinai masu kaifin kusurwa, irin waɗanda ke tsirowa a cikin narkakken dutse, ba tare da alamar gogewar da ruwa ke yi wa yashi ba. A 1926 Clarence Ross da Earl Shannon suka tsara ma'anar da aka daɗe ana aiki da ita: bentonait yumɓu ne da ya samu daga rikiɗewar tokar aman wuta.

Daga nan labarin Wyoming ya fito fili. A zamanin da masana ke kira Kiretashiyas, wani teku marar zurfi ya raba nahiyar Amurka ta Arewa gida biyu, daga Tekun Meziko har zuwa ƙuryar arewa. A yammacinsa akwai jerin duwatsu masu aman wuta. Duk sa'ad da suka yi amai, iska ta ɗebi tokar ta zuba a tekun, ta nutse ta kwanta a ƙasa, taɓo ya rufe ta. Shimfiɗar Clay Spur, wadda aka fi haƙa a yankin, ta kwanta ne kimanin shekara miliyan 97 da suka wuce.

Yadda gilashi ke zama yumɓu

Gilashin aman wuta ba ya jure zama cikin ruwa. Sannu a hankali ruwa yakan narkar da shi, ya tafi da wasu sinadarai, sauran su sake haɗuwa su zama ma'adinin yumɓu. A cikin ruwan teku, abin da ya fi fitowa shi ne montmorilonait, wanda aka fara bayyanawa a 1847 daga garin Montmorillon na Faransa. Sai a farkon shekarun 1930, da aka yi ta haska yumɓu da hasken eksire, aka tabbatar cewa yana da tsararren gini. A 1933 wasu masana uku a Jamus, Hofmann da Endell da Wilm, suka nuna cewa ma'adinin falle-falle ne, kuma ruwa yana kutsawa tsakanin fallayen ya buɗa su. Sirrin kumburin ke nan. Wanda sinadarin sodiyam ya yi wa yawa, irin na Wyoming, yana iya kumbura ninki goma ko fiye.

Wannan hali ne ya mai da shi haja. Tun daga ƙarshen shekarun 1920 masu haƙar man fetur suke dama shi da ruwa suna tura shi cikin rami, ya sanyaya bakin injin, ya ɗauko ɓarɓashin dutse zuwa sama, ya kuma riƙe bangon ramin kada ya rufta. Masu haƙar rijiyar burtsatse a ƙasashenmu ma sun san shi da wannan aiki. Ana haɗa shi da yashin zubin ƙarfe, ana dunƙula garin tama da shi, ana liƙe ƙasan madatsun ruwa da shi. Sai dai amfaninsa mafi girma ga ilimi ba a kasuwa yake ba.

Shimfiɗa ɗaya, lokaci ɗaya

Dutsen da ke samuwa a ƙarƙashin teku a hankali yake taruwa. Kaurin yatsa ɗaya na iya cin ɗaruruwan shekaru ko dubbai. Toka kuwa cikin kwanaki ko makonni take sauka, kuma a ko'ina lokaci guda. Wanda ya san hunturu zai gane: ƙurar da ta sauka dare ɗaya a kan rufin Damagaram ita ce a kan na Kano da na Zariya, kuma duk abin da ta rufe ya riga ta zuwa, duk abin da ya hau kanta a bayanta ya zo. Saboda haka idan masani ya tabbatar cewa yumɓun da ya gani a wannan gari shi ne na wancan gari mai nisan kilomita dubu, to ya sami rana guda a tarihin ƙasa da zai auna wuraren biyu da ita. A Ayislan, Sigurdur Thorarinsson ya gina fanni sukutum a kan wannan tunani a 1944, yana aiki da tokar da ba ta daɗe ba. Tambayar ita ce ko za a iya yin haka da tokar da ta shekara miliyan ɗari huɗu da ɗoriya, wadda ta riga ta sauya kama.

A gabashin Amurka aka gwada. Masu haƙar rijiyoyi a Kentucky da Tennessee sun daɗe da sanin wasu shimfiɗu biyu masu laushi a tsakiyar dutsen farar ƙasa mai tauri, waɗanda ke ruftawa cikin rami su ɓata musu aiki, har sun sa musu sunaye nasu. A 1922 Wilbur Nelson, babban masanin duwatsu na jihar Tennessee, ya wallafa cewa akwai shimfiɗar tokar aman wuta a duwatsun zamanin Odobishiyan na Tennessee da Kentucky da Alabama. Maganar ta zo da mamaki, domin babu dutse mai aman wuta ko ɗaya a yankin a yau. A 1935 Marshall Kay ya bi bazuwar irin waɗannan shimfiɗu a faɗin gabashin nahiyar.

Amma wannan tsohon yumɓu ba ya kumbura sosai kamar na Wyoming. A farkon shekarun 1950 Charles Weaver, yana nazarin samfura daga Pennsylvania, ya bayyana dalili. Daɗewar binnewa da zafin cikin ƙasa sun sa sinadarin fotashiyam ya shiga tsakanin fallayen ya ɗaure da yawa daga cikinsu. Tun daga lokacin ake kiran irinsa bentonait mai fotashiyam. Daga baya aka gane cewa yawan fallayen da suka ɗaure yana nuna irin zafin da dutsen ya sha a binne, abin da masu neman man fetur ke matuƙar son sani.

A Turai ma an yi irin wannan tafiya, amma a cikin ramukan kwal. Masu haƙar kwal a yankunan Saar da Ruhr na Jamus sun san wasu siraran layuka masu haske a tsakiyar baƙin kwal, waɗanda ake kira tonstein tun ƙarni na 19, suna kuma gane shimfiɗar kwal da su daga wannan rami zuwa wancan. An shafe shekaru ana jayayya a kan asalinsu. Wasu suka ce ƙasar fadama ce, wasu suka ce laka ce ruwa ya kawo. Sai a shekarun 1960 da 1970 hujjoji suka rinjaya cewa akasarinsu toka ce. Bambancinsu da bentonait daga wurin saukar ne. Tokar da ta faɗa fadama mai ruɓaɓɓen ganye ta gamu da ruwa mai tsami, wanda ya wanke ta ƙwarai har ta zama kawolin, farin yumɓun da ake yin tangaran da shi. Toka iri ɗaya, makoma biyu.

Aman wutar da ya rufe rabin nahiya

A 1978 H. B. Willman da Dennis Kolata na hukumar binciken ƙasa ta jihar Illinois suka ba manyan shimfiɗun nan biyu na Odobishiyan sunayen da aka san su da su yanzu: Deicke, ta ƙasa, da Millbrig, ta sama. Daga nan aka shiga aikin da ya ci shekaru. Kolata, da Warren Huff na Jami'ar Cincinnati, da Stig Bergström na Jami'ar Jihar Ohio, tare da ɗalibansu, suka bi shimfiɗun a wuraren fasa dutse, da gefen manyan hanyoyi, da guntayen dutsen da aka ciro daga rijiyoyi masu zurfi. Sun dogara da abubuwa uku: burbushin ƙananan halittun teku da ke sama da ƙasan kowace shimfiɗa, da bayanan na'urorin da ake zurawa cikin rijiyoyi, da sinadaran da ruwa bai iya wankewa ba, waɗanda kowane aman wuta ke da nasa gwargwado.

Sakamakon ya girgiza masana. An bi shimfiɗun daga Alabama da Georgia a kudu har Minnesota da Iowa a arewa maso yamma. A kudu maso gabas kaurin Millbrig ya kai mita ɗaya ko fiye, yana raguwa har ya koma 'yan santimita a can nesa, ƙwayoyin ma'adinan cikinsa ma suna ƙanƙancewa. Wannan ya nuna inda tokar ta fito: wasu tsibirai masu aman wuta da ke wani tsohon teku mai suna Iapetus, wanda yake rufewa a lokacin, a farkon tashin duwatsun Appalachia. Tekun ya shuɗe, tsibiran sun niƙe a cikin karon nahiyoyi, tokarsu ce ta rage tana ba da shaida. Ƙiyasin da Huff da abokan aikinsa suka yi ya nuna cewa narkakken dutsen da ya fita a kowane ɗaya daga cikin manyan aman nan ya kusa ko ya haura kilomita kubik 1,000. Dutsen Tambora na Indonesiya, wanda amansa na 1815 ya hana Turai da Amurka ganin bazara a 1816, abin da ya fitar tsakanin kilomita kubik 30 ne zuwa 50. Wani abin lura kuma shi ne, ba a ga alamar gagarumar halakar halittun teku a daidai waɗannan shimfiɗu ba.

A ɗaya gefen Tekun Atlantika akwai wata babbar shimfiɗa mai kusan shekaru ɗaya da su, wadda aka sa wa sunan tsaunin Kinnekulle da ke bakin tafkin Vänern a Suwidin. Kaurinta ya kai wajen mita biyu a kudancin Sikandinebiya, tana sirancewa ta gabas zuwa Estoniya da Rasha. A 1992 Huff da Bergström da Kolata suka wallafa ra'ayin cewa Kinnekulle da Millbrig aman wuta ɗaya ne, wanda ya zuba toka a nahiyoyi biyu da ke fuskantar juna a gaɓoɓin Iapetus. Ra'ayin ya yi armashi, ya kuma bazu.

A nan ne tarihin ya fi koyar da darasi. Wasu masana ba su tsaya ga armashin ba, suka koma ga ƙwayoyin ma'adinai. A 1995 John Haynes da abokan aikinsa suka auna ma'adinin bayotait na shimfiɗun biyu, suka ga sinadaransu ba su dace ba. A 2001 wani awon shekaru, wanda Huff da kansa yana cikin waɗanda suka yi shi, ya nuna saɓani tsakaninsu. A 2011 Bryan Sell da Scott Samson na Jami'ar Syracuse suka auna ƙwayoyin afatait ɗaya bayan ɗaya, suka nuna cewa tushensu daban-daban ne. An kuma sami alamun cewa Millbrig ita kanta ba amai ɗaya ba ce a wasu wurare. Abin da ya fito ya fi na farko ban mamaki: manyan aman wuta ne a jere, wajen shekara miliyan 453 zuwa 454 da suka wuce, cikin ɗan taƙaitaccen lokaci a ma'aunin tarihin ƙasa. Gaskiya ta yi halinta, kuma waɗanda suka kawo ra'ayin farko suna cikin waɗanda suka samar da kayan gwada shi.

Agogon da ke cikin ƙwaya

Sanin cewa shimfiɗu biyu sa'o'in juna ne abu ɗaya ne, sanin shekarunsu wani abu ne daban. A nan ƙwayoyin da suka ƙi rikiɗewa suka yi rana. Babbansu shi ne zarkon, ƙwaya mai tauri wadda kaurinta bai fi na silin gashi ba. Sa'ad da take tsirowa a cikin narkakken dutse takan karɓi yuraniyam, ta ƙi karɓar dalma. Shi kuwa yuraniyam yana rikiɗewa zuwa dalma a kan ƙa'ida tabbatacciya. Nau'insa mafi yawa yana buƙatar shekara biliyan 4.47 kafin rabinsa ya sauya. Duk dalmar da aka samu a cikin ƙwayar, bayan haihuwarta ta taru, don haka awonta shi ne awon shekarunta. Wani ma'adinin, sanidin, yana yin irin wannan aiki ta hanyar fotashiyam da ke komawa iskar argon.

Dutsen taɓo da dutsen farar ƙasa, waɗanda su ne ke ɗauke da burbushin halittu, ba su da irin wannan agogo na kansu. Shimfiɗar toka ce ke ba su aro. Tun farkon shekarun 1960 masana a Jami'ar Alberta ta Kanada suka soma auna shekarun bentonait. A Amurka John Obradovich ya haɗa gwiwa da William Cobban, masanin burbushin wasu dabbobin teku masu naɗaɗɗen ƙoƙo da ake kira amonait. Cobban ya jera nau'o'insu bi da bi, Obradovich ya auna tokar da ke tsakaninsu, kuma jadawalin da ya fitar a 1993 ya zama ginshiƙin lissafin zamanin Kiretashiyas. A ɓangaren zarkon, Thomas Krogh ya inganta hanyar awo a 1973 da 1982, sannan a 2005 James Mattinson ya fito da dabarar gasa ƙwayar da narkar da sassanta da suka lalace kafin a auna, abin da ya rage kuskure ƙwarai.

An ga ƙarfin wannan a Meishan, wani tsohon wurin fasa dutse a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, wanda a 2001 aka amince da shi a matsayin ma'aunin duniya na iyakar zamanin Famiyan da Tirayasik. A wannan iyaka ce halittu suka gamu da halaka mafi muni da aka sani, inda fiye da kashi 80 cikin 100 na nau'o'in halittun teku suka ƙare. Siraran shimfiɗun yumɓu biyu, ta 25 da ta 28 a lissafin masana, sun sa halakar a tsakiya. A 2014 Seth Burgess da Samuel Bowring da Shen Shuzhong suka auna zarkon ɗinsu, suka sami shekara miliyan 251.94 ga ta ƙasa, da miliyan 251.88 ga ta sama. Tazarar kimanin shekara 60,000 ke nan. Da wannan awo aka iya kwatanta lokacin halakar da na gagarumar malalar narkakken dutse da ta auku a Saberiya, aka ga sun zo tare. Tokar Meishan ba daga Saberiya ta fito ba, amma ita ce ta riƙe lokacin da ya ba da damar yin hukunci.

Haka aka yi a wurare da dama. A yammacin Ajantina, shimfiɗun da aka gano a shekarun 1990 sun taimaka wajen bin tafiyar wani yankin ƙasa da ake ganin ya ɓalle daga tsohuwar Amurka ta Arewa ya je ya manne da Amurka ta Kudu. A Newfoundland ta Kanada, tokar da ta binne wasu halittu masu laushin jiki ita ce ta adana siffarsu, ita ce kuma ta nuna cewa sun kai shekara miliyan 565.

Wanda ya bi wannan tarihi daga Knight zuwa masu awon zarkon na yau zai ga cewa babu mataki ɗaya da aka tsallake. Mai haƙar rijiya ya lura da inda rami ke ruftawa, mai madubi ya ga siffar gilashi, mai eksire ya gano ginin ma'adini, mai yawon daji ya bi shimfiɗa jiha bayan jiha, mai awo ya zo ya gwada maganar kowa, ya tabbatar da wata ya rushe wata. Alƙaluman shekarun da ɗalibi ke gani a jadawalin tarihin ƙasa, da yawansu daga irin wannan yumɓu aka ciro su, kuma ana ci gaba da gyara su duk sa'ad da awo ya ƙara inganci. Har yanzu akwai shimfiɗu masu yawa a nahiyoyi daban-daban da ba a auna ba, wasu ma ba a gane toka ce ba. Shi ya sa adana guntayen dutsen da ake cirowa daga rijiyoyi, da horar da matasan da za su iya bambance yumɓun toka da na laka, aiki ne da ya kamata kowace jami'a mai sashen ilimin duwatsu ta ɗauka da muhimmanci.